Fita biki da abokai a Kebbi: matakan zuwa lafiya da dawowa lafiya

Da zarar an kwashe shinkafa kuɗi sun shigo hannu, ko an sauko daga idin ƙaramar sallah, katin gayyata sai ya yi ta shigowa waya kamar da bakin ƙwarya. Kamu yau, dina gobe, jibi walimar gama makaranta, ga masu shirin tafiya Argungu kallon kamun kifi. A irin wannan lokaci ne masu karatu suka fi turo mana tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban. Ɗalibai daga Kalgo da Aliero da kwalejin Waziri Umaru suna son sanin yadda za su fita da dare ba a raba su da wayoyinsu ba. Iyaye mata kuma suna tambayar abin da za su gaya wa 'ya'yansu idan aminiya ce ke aure, ba halin a ce kada a je.

Kowa yana shirya zuwa. An yi anko, an yi lalle, an bi tela har ya gaji. Kaɗan ne ke shirya dawowa, alhali ƙwacen waya da haɗarin mota da ɓacewar wata daga cikin ƙawaye sun fi aukuwa a ƙarshen taro, lokacin da kowa ya gaji, caji ya ƙare, abin hawa ya yi wuya. Shi ya sa za ku ga mataki na uku ya fi sauran tsawo.

1. Ku san taron kafin ku amsa gayyata

Tambayoyi huɗu ne, kuma a samu amsarsu tun saura kwana ɗaya ko biyu. Wa ya shirya? A ina ne takamaimai, wace shiya, kusa da me? Ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi? Da kati ake shiga ko duk wanda ya ji kiɗa? Taron da ake duba kati a bakin ƙofa ya fi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba, domin 'yan ƙwace da 'yan sara-suka sun fi kutsawa inda aka kafa rumfa a kan titi ba mai tambayar kowa.

Hattara: idan mai gayyata ya ce "ku dai shirya, za a turo muku wurin daga baya", ko ya kasance a Facebook ko TikTok kaɗai kika san shi, ko an ce a ɗakin otel ko wani gidan saukar baƙi za a yi, ku haƙura da wannan taron. A irin waɗannan wurare ne ake zuba wa 'yan mata abu a lemo, kuma su ne Hisbah da jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka fi kai wa samame. Ranar da aka zo kame, wanda ya sha da wanda ya zo kallo mota ɗaya suke shiga.

Sai gida. A gaya wa mutum ɗaya babba ainihin inda za a je da lokacin dawowa, ko Mama ce, ko Yaya, ko Gwaggo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce za a je gidan ƙawa a Badariya alhali Gwadangwaji aka nufa. Idan wani abu ya faru, 'yan gida za su ɓata awoyin farko, waɗanda suka fi kowane lokaci amfani, suna nema a inda ba a je ba.

2. Ku haɗa tawaga, ku naɗa mai ƙirga

Mutum uku zuwa biyar ya fi. Idan ku biyu ne ɗaya ya faɗi, ɗayan zai rasa na yi, ya tsaya a kansa ko ya tafi neman taimako. Idan kun haura shida kuma, kowa sai ya ɗauka wani ne ke lura da wani, a tashi a bar mutum a baya ba wanda ya sani sai an isa gida.

A zaɓi ɗaya ya zama mai ƙirga. Shi ne zai riƙe lambar mai abin hawa da lambobin gidan kowa, shi zai duba agogo, shi zai ƙirga kai sau uku: wajen shiga, tsakiyar taro, da wajen fita. A zaɓi mai natsuwa wanda ba ya jin nauyin cewa "ku tashi mu tafi" ko da kiɗa ya yi daɗi. Kada a ɗora wa babbar ƙawar amarya ko babban abokin ango wannan aiki, hidima ba za ta bar su ba.

Ku tsayar da wata magana ta tsakaninku, misali "Hajiya na kira". Duk wadda ta faɗi haka, ma'anarsa a fitar da ita yanzu, ba tambaya, ba gardama, bayani sai an fita. Kuma ku yi alkawari tun a gida cewa ba mai bin wani saurayi ko wata sabuwar ƙawa ya bar tawaga, ko da an ce "nan kusa ne, yanzu za mu dawo".

3. Ku tsara dawowa tun kafin ku fita

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin hawan komawa a gama maganarsa da rana tsaka.

Idan cikin gari ne. Ku nemi mai Keke Napep da aka sani a unguwa, wanda an san gidansu. Ku yi ciniki zuwa da dawowa gaba ɗaya, ku ba shi rabi idan ya sauke ku, sauran sai ya dawo da ku. Wanda aka biya duka tun farko ba abin da zai tashe shi daga barci ƙarfe goma na dare. Ku faɗa masa lokaci, ku kira shi saura minti 30, kuma ku ajiye lambar mutum na biyu ko da na farkon ya samu faci ko ya kashe waya. Kuɗin dare ya fi na rana, don haka ku ware ninki biyu na abin da kuka biya wajen zuwa, ku sa shi daban a aljihun da ba na liƙi ba.

Idan dole ta sa kun tari wanda ba ku sani ba, mai ƙirga ya ɗauki hoton lambar keken ya tura gida, kuma ya yi a gaban direban. Mai gaskiya ba zai damu ba. Wanda ya ɓata rai ku bar shi ya wuce. Kada ku shiga keken da kuka tarar da maza biyu a ciki da dare a kan titin da ba kowa. Wanda ya zauna a bakin ƙofa ya mayar da waya da jaka ɓangaren ciki, domin masu fizge a kan babur suke zuwa, daga baya.

Hattara ga masu hawa kabu-kabu: mayafi da lafaya da jelar abaya suna shiga sarƙa ko wayar taya, su naɗe, su fizgo mace ta wuya zuwa ƙasa. Kafin babur ya tashi ki tattare duk abin da ke lilo ki danne shi a kan cinya. Namiji ma ya naɗe babbar riga. Goyon mutum uku a babur ɗaya da dare ba tsimi ba ne. Ku kuma tambaya ko akwai dokar hana zirga-zirgar babura da dare a ƙaramar hukumar da za ku, domin irin wannan doka takan zo ta tafi gwargwadon yanayin tsaro.

Idan da motar gida ne. A sha mai tun da rana, a duba fitila da safaya taya da jak. Direba mutum ɗaya ne, an san shi tun daga gida, kuma ba ya shan komai da ke gusar da hankali, har da maganin mura mai sa barci. A wurin taro a yi fakin hancin mota na kallon hanyar fita, nesa kaɗan da ƙofa, don kada a toshe ku a tsakiya. Kada a bar jaka a kan kujera.

A nan sai mun tsaya a kan kai amarya. Tseren motoci, juya mota a tsakiyar titi, zama a kan taga, cusa mutum bakwai a motar mutum biyar, waɗannan sun mayar da gidajen biki gidajen makoki ba sau ɗaya ba. Mai tuƙin galibi yaro ne da ya ari motar, bai san birkinta ba, ga 'yan mata na ihu suna zuga shi. Idan kika ga direba yana ba mota wuta a tsaye tun kafin a tashi, ki sauka ki nemi motar iyaye. Tana tafiya a hankali, kuma duk gidan amarya ɗaya za a sauka. A ɗaura bel ko da daga Gesse zuwa Nasarawa ne.

Idan wajen gari ne. Ku yi lissafi da baya, daga magariba. A Birnin Kebbi rana na faɗuwa tsakanin wajen 6:15 da 7:15 gwargwadon watan da ake ciki. A ce taro a Argungu yake, magariba 6:30, tafiya kusan awa ɗaya, a ƙara rabin awa na cunkoso da shingayen bincike. Ke nan 5:00 ta same ku a cikin mota. Ranakun bikin kamun kifi, da ake taruwa a bakin kogin Matan Fada daga ko'ina, a ƙara wata awa a kai. Tafiya mai nisa irin Yauri ko Zuru kuwa, a shirya kwana tun farko a gidan dangi, a taso da safe. Ga hanyoyin da ke ratsa Danko-Wasagu da Sakaba, da wasu sassan Augie da Arewa, labarin jiya ba ya isa. A tambayi direbobin tasha da safiyar ranar, su ne suka fi kowa sanin hanyar da ta yi kyau da wadda ta ɓaci. A shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta sunan fasinja, kowa da katin shaidarsa, musamman wajajen Kamba da Bagudo da ke kusa da iyaka.

Idan ta ruwa ne. Mutanen Yauri da Ngaski da Shanga sun san bikin tsallake ba ya yiwuwa sai da jirgi. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a kogin Neja kusa da Wara, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A watan Yunin 2023 kuma, a yankin Patigi na jihar Kwara, sama da mutum 100 suka rasu a jirgin da ke dawo da su daga biki cikin dare. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare a ruwa, ta kuma wajabta rigar kariya daga nutsewa. Kafin ku shiga ku dubi gefen jirgin. Idan tsakanin ruwa da bakinsa bai kai kamu ɗaya ba, ko an loda babura da buhuna a kan mutane, ku jira na gaba. A ɗaure igiyoyin rigar tamau, wadda aka rataya kawai tana zamewa ta kai da zarar an faɗa ruwa. A cikin jirgi ba miƙewa, ba rawa, ba komawa gefe ɗaya don ɗaukar hoto.

4. Waya da kuɗi

A cika caji kafin fita. Tawaga ta riƙe abin ajiye caji guda ɗaya mai ƙarfin 10,000mAh, yana cika waya kusan sau biyu, tare da igiyarsa. Bidiyo ne ke cinye caji, don haka idan wayar mai ƙirga ta sauko kashi 30 cikin ɗari ya daina ɗauka.

Akwai abubuwa huɗu da ake yi sau ɗaya su yi amfani kullum. A danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, a rubuta ta a takarda a ajiye a gida. A kunna tsarin gano waya na Google ko na iPhone. A sa wa layi lambar sirri tasa ta daban, domin ɓarawo ba ya wahala da makullin fuskar waya, layin yake cirewa ya sa a wata ƙaramar waya ya shiga asusun banki. Sannan a haddace lambar toshe asusu ta bankinka, wadda ake iya dannawa daga wayar kowa. Hattara wajen sa wa layi makulli: idan ka yi kuskure sau uku zai rufe sai da lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo a ciki, saboda haka a nemo katin tukuna.

A WhatsApp ana iya tura wa mutum inda kake kai tsaye na minti 15, awa 1 ko awa 8. A zaɓi awa 8 a tura wa wanda aka bari a gida. Shi kaɗai. Saka hoton wurin biki a sitatus kana can tamkar shela ce cewa ba ka gida, ga kuma inda za a tare ka. A bari sai an dawo.

A rubuta lamba biyu a 'yar takarda a sa a aljihu, ta gida da ta mai abin hawa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122. Sabis ba ya kai ko'ina, don haka a ƙara da lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ta shugaban 'yan banga na shiyar.

Kuɗi a raba su uku: na hidima, na komawa, da ɗan abin ko-ta-kwana a wani wuri a jiki. Katin ATM ya zauna a gida in ba dole ba. Sarƙa da 'yan kunnen zinari a bar su sai wunin cikin gida, na kwalliya sun wadatar a taron dare.

5. Minti biyar na farko a wurin

Kafin ku zauna ku zagaya da ido. Ƙofa nawa ce? Ta biyun a buɗe take ko an sa mata sarƙa da kwaɗo don hana 'yan kutse? Idan a kulle take, ku sami wanda ke kula da wurin ku tambayi inda makulli yake, ku kuma zauna ɓangaren ƙofar da ke buɗe. Ku tsayar da wurin haɗuwa a waje idan an watse, wuri mai haske da ba ya motsi, kamar bakin masallaci ko teburin mai shayi. Kada a ce "wajen mota", mota tana iya gusawa.

Ku dubi inda aka ajiye janareto. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba a gani ba a jin warinta, tana kashe mutum yana zaune. Idan yana cikin baranda ko dab da taga, sannan mutum biyu ko uku suka fara kukan ciwon kai da jiri a lokaci guda, kowa ya fita iska nan take. Garwashin shisha a ɗakin da aka rufe yana fitar da irin wannan iska.

Banɗaki kuma, mace ta je da rakiya, ɗaya ta tsaya a ƙofa.

6. Abin sha da abin ci

Ƙa'idar gajeriya ce: abin da ba a buɗe a gabanka ba, kada ka sha. Lemon roba sabo yana yin ƙas idan an murɗa marfi, zoben da ke ƙasansa ya tsinke. Idan marfin ya juya ba ƙara, an riga an buɗe. Na gwangwani ya fi wuyar taɓawa, shi da ruwan leda da kika duba ba ya ɗiga. Kwalbar da kika ajiye a tebur kika je rawa ta gama aiki, ki ɗauki sabuwa. Kuɗin lemo ɗaya bai kai abin da ake gudu ba.

Zoɓo da kunun aya da aka haɗa a gidan biki, iyaye na rabawa daga kula ɗaya kowa na sha, ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne kofi ɗaya da wani ya ratso taro ya kawo miki ke kaɗai, ko robar lemo mai duhu da samari ke miƙa wa juna. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, amma har yanzu ana samunsa ta bayan fage, kuma a cikin lemo ake ɓoye shi. Ƙwayoyin barci irin su diyazefam da wadda ake kira rochi su ma a lemo ake narkar da su, zaƙi da launi su rufe. Kada a dogara da ɗanɗano.

Alamun an zuba wa mutum abu sukan bayyana cikin minti 15 zuwa 30: barci mai nauyi farat ɗaya, harshe ya karye, ƙafa ta ƙi ɗauka, ido na ganin biyu-biyu. Idan kika ji haka, kada ki fita shan iska ke kaɗai, wanda ya zuba ɗin abin da yake jira ke nan. Ki kama hannun ƙawarki ki faɗi maganar da kuka tsayar. Ku kuma, duk baƙon da ya ce "bari in kai ta gida" ko "ɗakina na kusa ta huta", amsarsa a'a, ko da ya ce shi ɗan uwan ango ne. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti.

Ga samari: "ɗan taɓa ka ji ƙarfin rawa" ita ce ƙofar da Tiramol ke shigowa. Yawansa na jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, haɗa shi da kodin ko ƙwayar barci kuma yana tsayar da numfashi. Ba sai ka yi wa'azi ba, ka ce cikinka ba ya so, ka riƙe ruwanka a hannu.

Lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kebbi na haura digiri 40. A sha ruwan leda ɗaya duk awa. Shinkafa da haɗin kabeji da aka zuba a roba tun hantsi, in an buɗe da dare an ji ta fara yami ko yauƙi, a bar ta.

7. Fili, liƙi da rigima

Wajen liƙi ne aka fi yanke jaka da zare waya, saboda hannuwa na sama, ido na kan amarya. A ba wanda ya zauna ajiyar waya, ko a rataya jaka ta gaba. Kada a fito da bandir gaba ɗaya. A kuma sani cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncinta ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma an hukunta mutane a kanta. A sa a ambulan ko a faranti.

Rigima ba ta zuwa ba sanarwa. Za ka ga wasu samari da ba a gayyata ba sun taru a bakin ƙofa, ko an fara jayayya da mai kiɗa a kan waƙa, ko 'yan wata shiya sun tsaya cirko-cirko suna kallon 'yan wata. Wannan ne lokacin tashi, ba sai an zare wuƙa ba. Kada ku shiga rabon faɗan da ba ku san mafarinsa ba, kuma kada a ɗaga waya a ɗauki bidiyonsa. Idan an taka ka, "yi haƙuri" ta fi arha.

Idan turmutsutsu ya ɓarke, a dunƙule hannuwa a gaban ƙirji don a samu wurin numfashi, a bi gefe-gefe zuwa inda ya fi sarari, kada a yi gaba da gaba da taro. Takalmi ko waya in sun faɗi a bar su, wanda ya sunkuya shi ake bi ta kai. Idan an ji harbi, ko da an ce na murna ne, a kwanta ƙasa ko a raɓe bayan gini.

8. Tashi

Ku tashi saura minti 20 ko 30 a rufe taro, hanya na da mutane, ƙofa ba cunkoso. A jira abin hawa a ciki, sai ya iso a fito. Mai ƙirga ya ƙirga kai kafin a tayar, idan ba a cika ba ba mai tafiya. A fara sauke mata da wanda gidansu ya fi shiga lungu, a tsaya da fitila a kunne har a buɗe ƙofa ta shiga. Wanda zai sauka ƙarshe ya kasance namiji ko mutum biyu tare. Kowa ya tura saƙon ya isa, wanda ba a ji daga gare shi ba cikin minti 15 a kira shi, in bai ɗauka ba a kira gidansu, ko da za a yi faɗa.

Hattara: idan an tare ku da makami ana neman waya, ku miƙa. Kada a bi su, kada a yi kokawa.

9. Idan abu ya riga ya faru

Wanda ya fita hayyacinsa. A kira sunansa da ƙarfi, a girgiza kafaɗarsa. Idan bai amsa ba amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a lanƙwasa gwiwar da ke sama, a ɗan ɗaga haɓarsa, baki na kallon ƙasa don amai ya zubo waje. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, huhu za su tafi. Kada a sa shi amai, kada a kai shi ɗaki a ce barci zai warware shi. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Na mai lafiya 12 zuwa 20 ne. Idan ya gaza 10, ko yana wani irin minshari, ko leɓɓansa sun canza launi, ko ƙwayar idonsa ta tsuke ta koma ɗigo, a ruga asibiti. Idan numfashin ya tsaya, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a yi ta dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har a samu taimako. Mai farfaɗiya kuma kada a sa masa cokali a baki, kada a danne shi. A kawar da kujeru, a sa tsumma a ƙarƙashin kansa, in ta lafa a juya shi gefe, sannan a tafi asibiti. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya, a sauran garuruwa a nufi babban asibiti. A gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha, domin akwai allurar da ke karya kodin da danginsa, amma sai ya san abin da yake yaƙi da shi.

Sara ko suka. A ninke mayafi ko riga mai tsabta a danne wurin da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa don leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Wuƙa ko kwalbar da ta maƙale a jiki kada a zare ta, a danne gefe da gefenta. Ban da ƙasa, toka ko man birki a kan rauni. Raunin harbi kuma, dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa asibiti karɓar mutum ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Fyaɗe, ko farkawa ba a tuna abin da ya faru ba. Laifin na wanda ya aikata ne, ba na wadda aka yi wa ba, kuma wannan ce maganar farko da ya kamata ta ji daga bakinku. A kai ta asibiti a daren ko da sassafe, kafin wanka in zai yiwu. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ma ya fi aiki a kwana ukun farko. Kayan da ke jikinta a sa su a takarda ko ambulan, ba a leda ba, kada a wanke. A nemi a ɗauki fitsari da wuri, domin ƙwayar barci ba ta daɗewa a jiki. Mace babba da ta yarda da ita ta raka ta, kuma kada labarin ya shiga waya.

Waya ta tafi. A ari wayar aboki a toshe asusun banki tukuna, wannan ba ya jiran safiya. Sai a kira kamfanin layi a rufe layin, a kulle wayar ta tsarin ganowa, a sanar da dangi kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka. Ko taswira ta nuna gidan da wayar take, kada ku je da kanku, a kai wa 'yan sanda tare da lambar IMEI da rasit ko kwalin wayar. Wajen dawo da layi a ofishin kamfani za a nemi lambar NIN da aka yi masa rajista da ita, wani lokaci har da takardar rantsuwa ta kotu, kuma mai layin ne zai je da kansa domin za a ɗauki hotonsa ko zanen yatsunsa.